Ranar da Na Tsai da Motar Ɗan Farina

Na ga abubuwa da yawa a duniyar nan, wasu sun shuɗe kamar ban gan su ba. Amma ranar da na tsai da motar ɗan farina a hanyar Tunuga, wannan kam tana cikin raina har ranar da za a kai ni makwancina.

Ɗan fari, kun san yadda muke da shi. Ban taɓa kama sunansa ba, ban taɓa dubansa ido cikin ido na ce yi kaza ko bar kaza ba. In ina da magana, sai in faɗa wa matarsa, ko in faɗa wa bango yana ji. Haka uwata ta yi da babban wanmu, haka na taras.

Allah ya hore masa bashe, motar nan mai buɗaɗɗen baya, yana ɗauko shinkafa daga fadamun bakin kogi zuwa kasuwar Gaya. Damina ta cinye hanya, cikin motar yana gugar ƙasa, sai ya kai ta wurin wani tsohon makanisiyen, mai gyaran mota, ya ɗaga ta gaba da baya. Aiki ya yi kyau. Sai dai bayan motar ya ɗara gabanta tsawo, abokansa na tasha suka sa shi gaba da tsiya, wai motarsa kullum a ruku'u take. Tsohon ya ce a bar ta haka, in ta ɗau kaya za ta daidaita da kanta. Yaron nan bai ji ba. Ya tafi wani garaji aka cusa mata waɗansu guntayen ƙarafa a gaba, ɗagi a kan ɗagi, har ta miƙe sak.

Ta yi tsawon da ba na iya hawa. Sai ya ɗauke ɗan turmina na dakan yaji ya ajiye cikin mota. Duk ranar da zan shiga, zai kife mini shi in taka, ya kau da kai kamar ba shi ya ajiye ba. Iyakar hirarmu ke nan, ni da shi, kuma ta ishe mu.

Bayan kaka na je Tunuga gaisuwar mutuwa, ya biyo ya ɗauke ni. Ya loda buhuna har sun wuce kan mota, mata uku daga gidan makokin suka roƙi arziki suka hau bisa kayan, ɗaya da goyo. Ni ina gaba.

To, ni ban san ƙarfe ba, amma na san kaya. Shekara hamsin ina ɗaukar tulu da itace a kaina. Ina yarinya na taɓa ɗora gammo a kan gammo don in fi ƙawayena tsawo, tulun bai kai gida ba. Wannan rangajin da na ji a wuyana ran nan, shi na ji yana taso mini daga kujera. In an sha kwana sai motar ta karkata, ta yi jinkiri kafin ta dawo. Ƙarƙashin ƙafafuna wani abu yana ƙwas, ƙwas. Na saci kallonsa, na ga yana kokawa da ita da hannu biyu.

Babu matarsa, babu bango. Na yi gyaran murya, na faɗa wa taga cewa kaya dai bai zauna ba, ƙugin mota ya haɗiye maganar. Na ja carbi, kunya ta hana ni maimaitawa. Har yau in na tuna tsawon tafiyar da muka yi ina shiru, sai jikina ya yi sanyi. Can na hango gangare da kwana a ƙarshensa, jinjirin nan kuma ya yi kuka a saman kaina.

"Kai, ɗana. Tsaya."

Ya taka birki, ya dube ni kamar yau ya fara ganina.

"Inna, lafiya?"

"Sauke matan nan. Motarka gammo biyu gare ta."

Bai yi musu ba. Matan suka sauko suna gunaguni, ɗaya tana cewa tsoron tsofaffi zai sa su taka a rana. Ya kife turmi na sauka, ya ce zai gangara a hankali ya jira mu a ƙasa. Yana shiga kwanar, ƙafar gaba ta hagu ta lanƙwashe, mota ta durƙusa kamar raƙumi, buhunan sama suka kwararo. Inda mai goyo ta zauna ne ya fara zubewa. Yaron ya fito lafiya. Mai goyon kuwa ta kwance jinjirin tana ta kallonsa.

Tsohon makanisiyen ya zo ya kwanta ƙarƙashin motar. Ya nuna wa yaron gaɓar da ke riƙe ƙafa, an miƙe ta har ta fice daga raminta, tiyon birki kuma ya ɗame kamar igiyar guga. Ya ce ɗagi ɗaya da aka auna ba laifi, amma wannan ya ƙara, wancan ya ƙara, ba wanda ya dubi aikin gaba ɗaya, nan ake neman rai. Ya tambaya wa ya lura. Yaron ya sunkuyar da kai ya ce Inna ce.

Aka cire ƙarafan, mota ta koma ruku'unta, abokai suka ci gaba da tsiyarsu, shi kuma yana dariya. Yanzu ina iya hawa da kaina, amma turmin bai dawo madafa ba. Yana kife mini shi, ina takawa.

Abin da ranar ta koya mini, kaya ba ya son tsawon da ba a auna ba. Kunya kuma ado ce, ban yar da ita ba, har yau ban kama sunansa ba. Amma in rai yana bisa kaya, uwa ta buɗe baki. In za mu tashi yakan dubi gabansa ya tambaya ko gammo ya zauna. Ni kuma sai in dube shi in ce ya zauna, mu tafi.