Labarin da Ya Ƙi Fita daga Wayar Inna

Da idon Inna ya fara rauni, na saya mata waya na sa mata wata manhaja ta sauraren labarai. Akwai wani dogon labari a ciki, na wani makiyayi da ya bi sawun shanunsa da suka ɓace. Inna ta kamu da shi. Tana tankaɗe a tsakar gidanmu na Sifawa, tana yi wa makiyayin faɗa kamar yana jin ta.

Wata Juma'a ta ce in tura wa ƙanwarta da ke Horo Birni, wadda muke kira Yafendo. Na gwada, ya ƙi. Na kai wa mai turin waƙoƙi da finafinai a waya a Bodinga, ya jujjuya wayar ya ce a kulle yake, a cikinta kaɗai ake ji.

Na dawo na yi wa Inna bayani. Ta ajiye rariya.

"Kai ɗan nan, an biya ko ba a biya ba?"

"An biya, Inna. Amma saurare aka biya, labarin na masu shi ne."

"In na sayi tunkiya, wa ka hana ni in ba ƙanwata?"

Na ce su ma masu karantawar da shi suke ci. Ta ce to ba ta cin haƙƙin kowa, amma kunnen Yafendo ai ba a kulle yake ba. Washegari ta sa na ɗauke ta a babur.

A Horo Birni aka shimfiɗa tabarma a gindin dogonyaro, matan gidan suka kewaye wayar, aka kawo fura da nono. Ana tsaka da ji, daidai inda makiyayin ya hango wata baƙar saniya a bakin gulbi, sai wayar ta tsaya tana neman sabis. Na ɗaga ta sama, na hau turmi, babu.

"Sauko kar ka faɗi," in ji Inna. "Ni na san sauran."

Ta gyara zama ta ci gaba da bakinta, har da kukan shanu. Na lura tana ƙari: ta aurar da makiyayin, ta ba shi gonar gero, abin da babu shi a labarin. Da na buɗe baki, ta harare ni.

Yafendo ta yi dariya har da hawaye, ta hana mu tafiya sai da muka kwana biyu.