Kanwar Ya Kellu

Cikin ranakun aikina a ɗakin binciken magunguna nan Maiduguri, akwai wata Talata, gab da ritayata, da ba na mantawa.

Ga wanda ba ɗan sana'ar ba: bai isa a ce magani yana warkarwa ba, sai an gano wane furotin yake kamawa a jikin ƙwayar cuta. Mukan liƙa sinadarin maganin a ƙananan ƙwallaye, mu zuba furotin ɗin ƙwayar a kai, mu wanke. Wanda ya maƙale shi muke nema.

Dakta Falmata, mai bi mini a sashen, ta shekara uku kan ɓawon wata bishiya da Ya Kellu, mai magani a unguwar Mafoni, take ba masu zazzaɓin cizon sauro. Kullum aka wanke, ba abin da ke maƙalewa. Shugaban sashe ya ce ƙarshen wata zai rufe aikin.

Na ce mu koma Mafoni. A Jamus na koyi yarda da na'ura, amma a Sudan na ga yadda masana ke zama da masu magani. Da muka isa wurin Ya Kellu, muka gaisa da Barbarci, na roƙe ta ta haɗa maganin a gabanmu. Ta ɗora tukunya, ta zuba ɓawon, sannan ta jefa ɗan dunƙulen kanwa.

Falmata ta miƙe. "Ya Kellu, ba ki taɓa gaya mini kanwa ba!"

"'Yata, kin tambaye ni magani. Kanwa magani ce? Ke da kike dafa wake, sai an gaya miki?"

"Ni a sinadarin bature nake jiƙa shi."

"To, ki ba baturen ya sha."

Ashe kanwar ce ke sauya sinadarin zuwa siffar da ke aiki. Muka dafa kamar yadda ta yi, muka tace, muka maimaita gwajin. Bayan kwana tara, a Talatar nan, Falmata ta shigo ofishina, ta ajiye hoton sakamako. Layi ɗaya ne, baƙi ƙirin. Furotin ya maƙale.

Ba a rufe aikin ba. Na yi aiki a ƙasashe huɗu, ban taɓa alfahari da layi ɗaya haka ba.

Ku matasa, abin da gwani ya fi sani ba ya faɗa, don bai ɗauke shi ilimi ba. Ku ajiye takardar tambayoyi, ku zauna kusa da murhu ku kalli hannunsa.