Ranar da Alhaji Ya Kama Fartanya

Shekara huɗu na yi ina aiki a wani injin casar shinkafa a Rano, albashina ko motsi bai yi ba. Mai injin, Alhaji, mutum ne mai fara'a, kullum maganarsa ɗaya: "Ai nan babu ma'aikaci, duk 'yan gida ɗaya ne." To, zaman gida ɗayan nan shi ya cinye mu. Damina na faɗuwa, duk Asabar, ranar hutunmu, sai a loda mu a bayan a-kori-kura zuwa gonarsa ta Nariya. Wai gayya. Gayyar da kullum gonar mutum ɗaya ta sani!

Ni kuwa 'yar gonata tana Yalwa, dawarta ce ke riƙe gidana, don albashin ba ya kai mu tsakiyar wata. A shekarar nan ciyawa ta kusa shanye ta. Maiɗakina ta ce in ban yi noma a makon ba, to mu shirya cin ciyawar.

Abokan aikina, jarumawan bayan buhu, suka ce ni ne mai baki, ni zan je wurin Alhaji. Sau biyu ina shiga ofishinsa. Kafin in gama gaisuwa ya tambayi jikin babana, ya sa an kawo fura da nono mai sanyi. Haba, wa zai sha furar mutum sannan ya kawo ƙararsa? Na fito ina ta godiya.

A na uku na ƙi zama, na ƙi furar.

"Alhaji, albashi ba ya isa, ka karɓe mana Asabar, gonata tana mutuwa. Wallahi raina a ɓace yake."

Ya dube ni. "Ikon Allah," ya ce. "Je ka, na ji."

Na fito, na ce shi ke nan, aiki ya tafi.

Ranar Asabar na wuce gonata ni kaɗai. Da hantsi sai ga a-kori-kura, ma'aikata cike a baya, Alhaji a gaba da sabuwar fartanya, ƙotarta ko datti babu. Ya nome kunyoyi biyu, ya dafe ƙugu, ya koma gindin ɗorawa yana ba da umarni. Kafin azahar gona ta yi fes.

Abin da na manta, mai gayya shi ke ciyarwa. Kajin maiɗakina uku suka tafi. Alhaji ya tauna cinya, ya dube ni.

"Ka gani ko? 'Yan gida ɗaya."

"To, maganar albashi fa, Alhaji?"

"Sai kaka, in Allah ya kai mu."

Kaka biyu ta wuce, har na bar aikin, albashin yana inda yake. Amma dawar shekarar ta kai mu har wata damina. Har yau in na ɗauko zaginsa sai in tuna kunyoyin nan biyu, duk ciyawa a gefensu, da tsoho yana haki a gonata, sai in fasa.