Turmin Surukata a Kan Akwatin Girgizar Ƙasa

Shekara takwas na yi ina liƙa wayoyi da dalma a wani ƙaramin kamfani a Springfield, can ƙasar Turawa, kafin a yarda in zana wani abu da kaina. Aikinmu ƙera akwatunan da ake binne na'urar jin motsin ƙasa a cikinsu. Na'urar ba ta wuce gwangwanin madara girma ba, amma ta fi jinjiri shagwaɓa. Ba ta son ruwa, ba ta son zafi, ba ta son a taɓa ta. Duk da haka sai a ɗauke ta a kai hamada, ko kan dutse mai ƙanƙara, ko tsakiyar fadama, a ce ta yi shekaru tana kasa kunne. Mu ne masu yi mata ɗaki.

Abokaina na masallacin Landover ba su taɓa ɗaukar wannan a matsayin sana'a ba. Duk Juma'a sai wani ya tare ni a bakin ƙofa ya ce, "Mai sauraron ƙasa, yau me ta ce?" Alhali tun da muka zo garin nan ƙasar ba ta taɓa ko tari ba.

Matsalar akwatunanmu kullum ɗaya ce, wato inda waya ke shiga. Nan ruwa ke bi, nan tururuwa ke kafa gari, nan ɓera ke gwada haƙoransa. Injiniyoyinmu masu manyan digiri suna ta ƙara roba da gam, ruwa kuma yana ta yi musu dariya. Ni da na tashi a gidan da ke yoyo kowace damina na san ba a faɗa da ruwa, hanya ake canza masa. Sai na zana akwatin da wayarsa za ta fara sauka ƙasa, ta lanƙwaso, sannan ta shiga ta gindi, a ɗaure ta da mahaɗi mai murɗawa. A sama kuma na sa murfin kankare shimfiɗaɗɗe mai kama da dutsen banza, don kada dabba ko ɗan Adam mai ƙaiƙayin hannu ya kula da shi.

Ogana wani dattijon Bature ne mai tsinin hanci, wanda bai yarda da komai ba sai ya gani a takarda. Ya ce dokar gidan ita ce sabon akwati ya yi wata uku a binne kafin a sayar. Idan ya ci jarrabawa, na zama mai zane. Idan ya faɗi, in koma teburin dalma. Na ce a binne shi a bayan gidana a Largo, inda ƙasar yumɓu ce mai riƙe ruwa kamar tukunya. Muka haƙa, muka binne, muka ja waya ta tagar ɗakin ƙasa zuwa kwamfuta, tana aika saƙo ofis dare da rana.

Wata guda layin motsin ƙasa da ke allon ofis yana kwance lumui. Har na fara tafiya ina buɗa kafaɗa. Ana cikin haka surukata Hajiya ta sauka daga Kano, za ta yi mana wata huɗu.

Kwana huɗu da zuwanta, layin ya haukace. Kullum da rana, bayan azahar, sai ya dinga tsalle sama da ƙasa, bugu bayan bugu, na kusan rabin sa'a, sannan ya kwanta kamar ba shi ba. Oga ya kira ni, ya nuna da bayan biro. "Mahaɗinka ya saki," in ji shi. "Rana na dumama ƙasa, wayar na motsi. Ka gano inda yake kafin ƙarshen watan gobe, in ba haka ba mu ajiye zanen."

Na yi kwana biyar ina lissafin zafin ƙasa da miƙewar ƙarfe. Ranar Asabar ina gida, na idar da sallah ke nan, na ji gidan yana amsawa dim, dim, dim. Na leƙa taga. Ga Hajiya a bayan gida, ta ɗaure zane a ƙirji a kan riga, ta ɗora turmi daram a kan murfin akwatina, tana kirɓa gero. Turmin matata ce ta sayo mata a shagon 'yan Gana, don Hajiya ta ce furar injin markaɗe ba fura ba ce. A kicin maƙwabta sun yi ƙorafin bango na rawa, shi ne ta fito waje, Allah Ya haɗa ta da dutse mai kyau wanda ba ya girgiɗi. Ni kuwa na zana shi ne musamman don kowa ya ɗauka dutsen banza ne, ga shi an ɗauka.

Bature zai ce ai abin da sauƙi, ka fita ka gaya mata. To ni tun da na auri 'yarta, maganata da Hajiya ba ta taɓa wuce gaisuwa ba, ina durƙushe ina kallon yatsun ƙafata, ita tana kallon bango. Ba na cin abinci a gabanta. In ta shigo falo ni na fita ke nan. Mutumin da ke haka ne zai je ya ce mata ta ɗauke turminta?

Na jira matata ta dawo daga asibitin da take aiki, na kai ƙara. Ta yi dariya har da riƙe ciki, sannan ta gimtse. "Wallahi ba da bakina ba," in ji ta. "Daga safe har yamma tana zaune ita kaɗai, ba ta jin abin da talabijin ke faɗa, ba maƙwabciyar da za ta leƙa. Dakan nan kaɗai ke ɗebe mata kewa. In ta ji ta ɓata maka aiki, ko muciya ba za ta ƙara ɗauka a gidan nan ba. Kai ka san ta."

Na san ta kuwa. Haushi ya cika ni, kuma ban san wa zan ji haushi ba. Na gwada dabara: da sassafe na mirgina turmin zuwa gindin katanga. Da rana ta mayar da shi. Na ɗora tukunyar fure a kan murfin. Ta sauke ta, har ta ba ta ruwa. Oga kuma na kasa gaya masa, don ban san da wane Turanci zan bayyana cewa ƙato mai gemu yana jin kunyar wata tsohuwa a cikin gidan da shi ke biyan haya ba. Azumi ya kama, dakan ya ƙaru, ga na kunu ga na yaji, ƙarshen wata kuma yana matsowa.

Saura kwanaki kaɗan, muna ofis da rana tsaka, ni da oga muna kallon layin yana tsallen da ya saba, sai kujerata ta motsa. Tagogi suka hau kaɗawa, gwangwanin dalma ya faɗo daga kanta. Mu da muka shekara muna sayar da kayan girgizar ƙasa, mu ne muka fara rige-rigen ƙofa. Na kira gida, matata da ba ta je aiki ba ranar ta ce lafiya lau, Hajiya dai ta jefar da taɓarya tana ta salati.

Da muka koma ciki oga ya tsaya a gaban allo ya daɗe. Akwatina ya kama girgizar tas, daga farkonta har wutsiyarta. Bugun nan kuwa ya tsaya cak daidai lokacin da ƙasa ta motsa. Ya juyo ya dube ni ta saman tabarau. "Sakakkiyar waya ba ta jin tsoron girgizar ƙasa," in ji shi. "Mene ne a bayan gidanka?"

Na faɗa masa. Ya yi dariya har ya zauna a ƙasa. Washegari ya biyo ni Largo, muka tone akwatin. Sati bakwai ana kirɓa a kansa, ga ruwan sama, amma cikinsa a bushe ƙayau, mahaɗin ko gezau. Ya ce duk injinan gwajinmu ba su taɓa gallaza wa akwati haka ba, zanen ya ci. Muka mayar muka binne, ya ɗaga wa Hajiya hula, ya tafi.

Hajiya tana bakin ƙofa, ta ga komai. Ba ta dube ni ba. Ta ce da 'yarta, "Ashe a kan abincin yaron nan nake ta daka, aka rasa mai ce mini kanzil." Daga ranar turmin ya koma lungu, aka kifa shi. Ta koma zama a falo, hannu a cinya. Na samu abin da na shekara takwas ina nema, kuma ban taɓa jin kaina ƙaramin mutum kamar a satin nan ba.

Ranar Asabar na sayo siminti, na zuba wani dandamali a can ƙarshen fili, na ɗora turmin a kai, na jingina taɓarya. Litinin bayan azahar ina ofis na ƙura wa allo ido. Can sai ga wasu 'yan ƙananan tsalle a kan layin, a jere, ba su fi ƙwayar gero ba. Na buga shafin a takarda na sa a aljihu.

Ta koma Kano bayan babbar sallah, kuma ba ta sake dawowa ba, Allah Ya jiƙanta. Ba ta yarda da hoto, don haka ba mu da nata ko ɗaya. Takardar nan ce a durowata, kuma duk zamanmu da ita ba mu taɓa yin hirar da ta kai wannan tsawo ba.