Kwandon da ya zo babu gyara

Ni da hatsi na fara. Tun kafin in yi aure nake bin kasuwannin ƙauyukan Kurfi, yau Tamawa, gobe Rawayau, jibi Ɗantutture, ina sayen gero da dawa tiya-tiya har in haɗa buhu. A can na koyi abin da na ɗauka shi ne duk ilimin kasuwa, wato idan kaya suka yi ƙaranci, to wani ne ya ɓoye su. Mutum zai rantse maka ba shi da ko ƙwaya, ka zagaya bayan gidansa ka tarar da rumbu cike, yana jiran damina ta yi nisa farashi ya tashi. Ni ma na yi hakan, ba zan ce ban yi ba.

Daga baya na dawo Dutsin-Ma na kama harkar kifi. Muna da kifin dam, amma ba ya isar gari, kuma talaka ba kullum yake iya sayensa ba. Banda ce abin miyar mutane, busasshen kifin da aka ƙyafe da hayaƙi. Wani direba da ke kai shanu kudu shi ya haɗa ni da wata mata a wani ƙauyen masunta da ke bakin teku. Mijinta da 'ya'yanta ke kamo kifin, ita kuma ta ƙyafe, ta shirya a kwanduna, direban ya taho min da su a hanyarsa ta dawowa. Mama muke ce mata. Mun fi shekara goma sha biyar muna ciniki ban taɓa ganin fuskarta ba. A waya muke magana, da Turancin kasuwa da 'yar Hausar da ta tsinta wajen direbobi. Alaji take ce mini, tun ma kafin in je Makka.

Abin da ya sa na riƙe ta shi ne gyara. Duk kwandon da ya zo, idan na ɗaga ganyen da aka rufe shi da shi, sai in tarar da manyan kifi huɗu ko biyar a sama da ƙullin jatan lande, waɗanda ba sa cikin ciniki. Wannan ba na sayarwa. Gida nake kai wa matata Hajiya, kuma ranar duk wanda ya wuce ta ƙofarmu ya san kayan Mama sun iso, don ƙanshin miyar kuka. Ni kuma duk kaka nakan aika mata wake da albasa. Mu a nan gyara ba kyauta ba ce kawai. Ita ce ke gaya maka ana son ka dawo. Ranar da mai awo ya share bakin tiya da hannu bai ɗora maka ko tafi ɗaya ba, ya sallame ka ke nan, ko bai faɗa ba.

Sannu a hankali kayan suka fara canjawa. Kifin da ya kan fi tafin hannuna tsawo ya koma kamar yatsu. Kwandunan suka ragu, wani watan ma direba ya dawo hannu biyu. Idan na kira, sai Mama ta ce teku ce, babu kifi. Sai in yi dariya a raina, don na sha jin irin wannan magana a bakin masu rumbu. Teku kuma? Abin da aka ce ba a ganin ƙarshensa shi ne zai ƙare?

Sai ranar da kwando ya zo babu gyara. Hajiya ce ma ta fara lura, da ta ga na shigo ba komai a hannuna. Na ce ƙila mantuwa ce. Na biyu ya zo haka, na uku ma haka. Da na je Tamawa gaida yayana na ba shi labari, bai ko ɗaga kai daga igiyar da yake tufka ba ya ce, “An samu wanda ya fi ka kuɗi ke nan. Mi kake jira?”

A lokacin kuma akwai wani dillalin kifin kwali, mai ƙanƙara, da ke ta bibiyata in koma sayar da nasa. Na yanke shawara zan bar Mama. Amma ban so in bar ta a waya ba. So nake in je in ga kayan da take ɓoye wa wani da idona, in gaya mata na gani, sannan in juyo. Ni da na fi kowa sanin banda ba ta ajiyuwa kamar gero, ƙwari ke cinye ta, amma zargi ya hana ni tuna wannan.

Na bi direban nan kwana biyu a gaban mota, sannan na hau bas, sannan kwalekwale mai inji, don babu hanyar mota zuwa ƙauyen. Gidajensu na katako ne a kan turaku, hanyoyinsu ma katako ne aka jera a saman laka. Tekun da na gani ba shuɗiya ba ce kamar yadda ake nunawa a kalanda. Ruwan ƙasa-ƙasa ne, kamar na kududdufi bayan an yi ruwa, sai dai ba shi da ɗaya gaɓar, kuma ƙararsa ba ta tsayawa.

Mama 'yar ƙaramar tsohuwa ce, ba ta kai muryarta ba. Idanunta jawur saboda hayaƙi. Ta yi ta tafa hannu tana kiran maƙwabta su zo su ga Alajin wake. Ta tambayi Hajiya, ta tambayi yara ɗaya bayan ɗaya, har da wadda aka haifa shekarar da mijinta ya rasu. Aka ba ni ruwa na yi alwala, aka nuna mini gabas, aka kawo abinci. Duk wannan bai sa na sauka daga abin da ya kawo ni ba. Da na gama ci na ce ina so ta nuna mini inda take ajiye kaya.

Ta dube ni, ta dubi babban ɗanta, magidanci mai furfura a gemu, wanda shi ke riƙe da jirgin gidan. Ta yi masa magana da yarensu, shi bai yi dariya ba, ita ce ta yi. Ta ce in taso. Muka bi wata hanyar katako, ita a gaba, har inda katakon ya ƙare a kan ruwa. Can gaba, nisan da za ka jefa dutse sau biyu, ga wasu turaku baƙaƙe a tsaye cikin igiyar ruwa, da guntun bangon siminti.

“Ga ɗakin ajiyata can, Alaji,” in ji ta. “Shiga ka ƙirga. Idan ka samu kifi, naka ne.”

Ɗan ne ya yi mini sauran bayanin. Wancan bangon shi ne inda murhunanta suke a shekarun da muka fara ciniki. Bayansa akwai kasuwa, da makarantar da ya yi, da maƙabartar da aka binne ubansa. Duk suna ƙarƙashin ruwa yanzu. Sau uku ke nan suna kwashe gida suna ja da baya. Ya ce ba rana ɗaya teku take ci ba. Duk shekara idan iskar damina ta taso sai ta haura ta ɗauki layi ɗaya na gidaje, kuma ba ta komawa inda take. Rijiyoyinsu sun zama gishiri. Itatuwan bakin ruwa da ke tare igiya, wasu gishiri ya kashe, wasu su da kansu suka sare don ƙyafe kifi. Ya faɗi wannan bai ɓoye ba. Ni kuwa na san kifin wa aka ƙyafe da su.

Washegari da hantsi na tsaya inda jirage ke sauka. Aka jawo taru, maza shida suna nishi, na ce to yau ga kaya. Da aka zazzage, fiye da rabi leda ce da robobi, da silifas, da tsummoki. Ledar ruwan sha ce ta fi yawa, irin wadda nake sayarwa a firjin shagona, irin wadda ke toshe mana kwalbati a Dutsin-Ma. Mata suka durƙusa suna tsintar kifi a cikin shara kamar masu kala a gona. Ɗan Mama ya nuna mini wasu manyan jirage can nesa, ƙanana a ido kamar ƙwaro. Ya ce waɗannan ba sa zaɓe, uwa da 'ya'ya suke sharewa har ƙasa. Ya ce ruwan kusa da gaɓa ya yi ɗumi, kifi ya yi nisa, man da ke kai su da dawo da su a dā yanzu ba ya ko kai su. Watannin da ubansa ya koya masa, watan da kifi kaza ke zuwa, watan da kifi kaza ke tafiya, duk sun rikice.

Wannan maganar ce ta shige ni. Ita ce maganar yayana a Tamawa, wanda bara sau uku yana shuka, ruwa na yaudararsa, ƙarshe kuma ya zo gaba ɗaya ya kwashe masa rabin gona. Ban taɓa ce wa yayana maƙaryaci ba. Amma na yi shekara uku ina ce wa matar nan haka a raina.

Muna dawowa na tambayi ɗan zancen gyara, cikin wasa, don kada ya gane shi ya kawo ni. Ya gane. Ya ce manyan kifin nan sun daina shiga tarunsu tun da daɗewa. Shekara biyu na ƙarshe, duk wanda na gani a saman kwando daga tukunyar gidansu aka cire shi. Idan an kamo babba ɗaya, jikoki na kallo za ta ɗauke ta ce na Alaji ne. Shi ne ya hana ta, da faɗa, har suka yi kwanaki ba ta yi masa magana. Ya ce sauran masu saye daga arewa duk sun watse, ni kaɗai na rage, kuma da abin da nake saye take sake gina murhu duk lokacin da suka tashi.

Na sha yin ciniki da mutane iri-iri, an cuce ni, ni ma ban ce hannuna fes yake ba. Amma ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba. Na tuna yadda nake tsotsar ƙashin kifin nan ina santi.

Da yamma na zauna kusa da murhunta na gaya mata gaskiya, cewa zuwa na yi in bar ta. Ta ce ta sani. Mutumin da bai zo ba shekara goma sha biyar ba ya tasowa don gaisuwa. Na ce to na fasa, amma da sharaɗi: kada ta ƙara sa mini gyara. Nan fa ta murtuke.

“Ni ce zan aika kwando tsirara? Uwata ba ta yi haka ba.”

“Ai kin aika uku, Mama, kuma ga ni ban mutu ba.”

“Ba ka mutu ba, amma ka hau ruwa da babbar riga kana rawar jiki kamar akuya,” in ji ta. Matan da ke wurin suka kwashe da dariya.

Muka ja, ni ina ragewa tana ƙarawa, cinikin da ban taɓa yin irinsa ba. Ƙarshe muka tsaya a kan ƙullin jatan lande ɗaya, ƙarami, na Hajiya, ba a kowane kwando ba, a kowace tafiya. Ni kuma zan riƙa karɓar duk abin da ya samu, babba ko ƙarami, in sayar da ƙananan a gwangwani ga masu miya. Wake kuma sau biyu a shekara maimakon sau ɗaya. Wannan ban gaya mata ba, direba na gaya wa.

Da na dawo gida, ɗiyata da ke karatu a jami'a ta yi mini bayanin hayaƙin injuna da ke ɗumama duniya, da ƙanƙarar da ke narkewa a wasu ƙasashe ruwan ya gangaro teku. Na saurara, kuma ban musa ba, don na ga inda ruwan ya sauka. Sannan ta ce, Baba, ƙananan kifin nan da ka yarda za ka saya ai su ne manyan gobe. Ta yi gaskiya. Na ce mata na sani, kuma idan na ƙi saya, da me tsohuwar za ta gina murhu? Har yanzu ba mu gama wannan maganar ba.

Kifin kwali na karɓa daga baya, don shago ba ya tafiya da abin da Mama ke aikowa shi kaɗai. Amma kwandonta yana da wurinsa a bakin ƙofa. Yayana ya tambaye ni ko na ga wanda ya fi ni kuɗin. Na ce na gan shi, kuma ya fi ƙarfin mu duka.

Watan jiya direba ya sauke mini kwando biyu. Ya ce su Mama sun sake tashi, karo na huɗu, kuma hanyar katakon da na tsaya a kanta babu ita. Na ɗaga ganyen. Ga ƙullin Hajiya, kamar yadda muka yi. A ƙarƙashinsa kuma ga kifi ɗaya, bai kai tafin hannu ba, amma ya fi sauran, an naɗe shi daban. Na kira Mama in yi faɗa. Ta bari na gama, sannan ta ce layin ba kyau, ba ta jin komai, a gaida Hajiya.