Muntari, Birkin Ya Kama

Zulai ta sauka lafiya, an sami namiji, kuma Muntari makanike ya rasu. Duka a rana ɗaya, Laraba ashirin ga watan Agusta, a asibiti ɗaya cikin garin Gummi. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Assalamu alaikum jama'a. Ku gafarce ni, labarin ya riga gaisuwa fita.

Ni ne Magaji mai bas, wanda ɗana Shafi'u ke tuƙa wa mota tsakanin ƙauyenmu da Gummi. Zulai matarsa ce, jaririn kuma jikana na fari. Muntari, kai ka riƙa yi mini tsiya lokacin da na shiga ajin yamma da furfurata, kana cewa sai ka ga ranar da zan rubuta sunanka daidai. Ga ranar ta zo, ba ka nan.

Duk wanda ya san motar nan ya san ta tsufa. Kowace damina tana ratsa ruwan fadama da buhunan shinkafa, har tsatsa ta cinye bututun birkinta. Da na baya ya fashe, Shafi'u ya yi abin da direbobin hanyarmu suka saba: ya matse bakin bututun da filaya, da man birki ya ƙare kuma ya zuba ruwan sabulu. Ranar da ka leƙa ƙarƙashinta ka daɗe ba ka fito ba. Da ka fito sai ka ce, "Baba Magaji, wagga mota ba birki ka tsai da ita ba, addu'ar fasinja ce." Muka yi dariya, kai ba ka yi ba.

Ka hana a kai ta garejinka, ka ce ko taku ɗaya kada ta ƙara yi. Kai da kanka ka yi ta zuwa a babur har ƙofar gidana, a kan hanyar da mutane ke tsoron bi saboda 'yan bindiga. Ka cire tsofaffin bututun duka, wani yana marmashewa a hannunka. Ka sa sababbi na farin ƙarfe mara tsatsa, wanda masu kayan gyara ke ce wa silba, kana lanƙwasa kowanne a hankali. Ka zaunar da ni a kujerar direba don a fitar da iskar da ke cikin bututun birkin, kana kwance a ƙasa kana kira, "Taka, Baba! Riƙe! Haba, ƙafar tuwo ce ko ta kunu?"

Kowa ya san al'adarka. In ka taɓa birkin mota, babu mai shigarta sai ka tuƙa ta kai kaɗai ka sauka gangaren da ke kaiwa gada. Kakan ce in akwai kuskure a aikinka, kai ya kamata ya fara samu. Amma ranar da ka ɗaure na ƙarshe jikinka na rawa da zazzaɓi. Ka miƙo mini makulli ka ce, "Kada kowa shi hau ta sai na dawo." Ba ka dawo ba.

Da safiyar Laraba naƙuda ta tsananta wa Zulai, jini ya ɓalle. Ungozoma ta ce a tafi asibiti yanzu. Babu wata mota a ƙauyen sai wadda ka hana. Na tsaya da makulli a hannu ina jin muryarka, ina kuma jin nishin yarinyar daga cikin gida. Na ba Shafi'u.

Ban taɓa jin tsoro irin na ranar ba. A hanyar nan ba a rage gudu, idon kowa na kan daji. Shafi'u na gudu, Zulai ta daina ko nishi, uwarta na riƙe da kanta tana salati. Ni kuwa ƙafar Shafi'u kawai nake kallo. Muna shiga gangaren sai ga garken shanu ya cika bakin gada, mai kiwonsu yana ɗaga sanda. Dama rafi ne cike da ruwa, hagu ma haka. Shafi'u ya ce, "Baba!" ya taka.

Muntari, ya kama. Motar ta durƙusa ta tsaya cak, ba ta karkace ba, har wata saniya ta shafi fitilar da ƙahonta.

A ƙofar asibiti na ga ƙanenka Rabe zaune a ƙasa. Na rugo in ce masa ya faɗa maka aikinka ya yi. Ya ɗago ya ce, "Baba, yanzu aka rufe mai ido." Ina tsaye a wurin aka fito aka ce mini an ceto Zulai da ɗanta. Na yi kuka, har yau ban san na wanne ba ne.

Har yanzu in na tuna gangaren nan sai in yi salati. In na ɗauki yaron kuma sai in kasa rufe baki don murna.

Allah ya jiƙanka Muntari, ya yafe kurakuranka, ya haskaka kabarinka, ya sa ka ƙetare siraɗi lafiya kamar yadda muka ƙetare gadar nan. Ina miƙa ta'aziyyata ga Inna Munira da ta haife ka, da matarka Binta da 'ya'yanku, da Rabe, da dukkan makanikan Gummi. Allah ya ba ku haƙuri.

Laraba mai zuwa ce addu'ar bakwai, ita ce kuma ranar suna. In an tashi daga gidan rasuwa, ku biyo ni ƙauye. Motar tana nan a ƙofar gida, na shimfiɗa tabarma a ƙarƙashinta don duk mai son ya kwanta ya ga aikinsa yana ƙyalli. Sannan ku shigo ciki. Ku zo ku ga Muntari ƙarami.