Sun Shanye Mini Darasi

Jama'a, yau ɗalibaina sun shanye mini darasi! Sha fa, da ludayi!

Kun san tun da na baro Jos nake koya wa magidanta Turanci kyauta a ƙauyen nan na bayan Roni. Kuɗin fetur ya kawo aikin titi, kamfani kuwa ba ya ɗaukar kowa sai mai jin Turanci. To yau sufeton makarantu zai zo daga Kazaure, in bai gamsu ba a rufe ajin. Jiya wuni na yi ina cika allo da rubutu.

Da safe na shiga, allo fes! Ga ƙwarya tana zagaya aji.

Na dubi babbansu na ce, "Baba Jauro, mene ne haka?"

Ya goge alli daga gemu ya ce, "Malam, wata bakwai kana zuba mana ta kunne, bai zauna ba. Shi ne muka wanke allon muka sha, mu gwada ta ciki."

Ban rufe baki ba sai ga babur ɗin sufeto! Ya jefa musu tambaya da Turanci. Sai wani ya yi gyatsa. Na ce yau kashina ya bushe.

Jauro ya kwashe labari ya faɗa masa, har da cewa magani sai ya kwana yake aiki.

Sufeto ya ɗaure fuska, ya ja ni waje, ya rage murya.

"Malam, akwai saura? Jarrabawar ƙarin girma gare ni jibi."